Tambayar Sarkin Musulmi Bello da Doguwar Tafiyar Aƙidar Triniti Zuwa Wamakko

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, ɗan asalin Sikotilan, ya iso Sakkwato a gajiye, zazzaɓi na cinsa. Sunansa Hugh Clapperton, amma ya ɗauki sunan tafiya, Abdullahi, kuma da shi aka san shi a Kukawa da Kano. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya riga ya mutu kusa da Katagum wata biyu kafin nan. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, shi ya karɓi baƙuncinsa, ya kuma kai shi gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin da ya kawo Abdullahi shi ne ciniki, da batun hana fataucin bayi, da neman sanin inda Kwara ta faɗa teku. Bai yi shirin zama jarrabawar tauhidi ba.

Ita kuwa ya tarar. A cikin zaman da suka yi, Bello ya karkata hira zuwa addini, ya ambaci tsofaffin ƙungiyoyin Kirista, ya nemi sanin ko mutanen Ingila Nasɗurawa ne ko mabiya Sozzini. Baƙo ya rasa ta cewa. Don ya fita kunya sai ya ce su Furotesta ne. Bello ya ce to mene ne Furotesta? Ya yi bayani gwargwadon iyawarsa, tambayoyi suka ci gaba da zuwa, har ya ɗaga hannu ya ce shi ba malami ba ne, irin waɗannan mas'aloli ya bar wa waɗanda suka fi shi karatu. Clapperton da kansa ya ba da labarin a littafin tafiyar da aka buga a Landan a 1826, kuma a yaba masa, bai ɓoye cewa an ƙure shi ba.

Sunayen nan biyu ba a banza suka fito ba. Nasɗurawa suna ne da aka laƙaba wa Kiristocin Iraki da Farisa, waɗanda suka rabu da sauran a kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a jikin Almasihu. Fausto Sozzini kuwa ɗan Italiya ne da ya zauna a Folan ya mutu a 1604, mabiyansa suka yi watsi da aƙidar Triniti ɗungurungum. Wato Bello yana tambayar baƙonsa ne matsayin mutanensa a kan Annabi Isa da kaɗaitakar Allah, kuma ya san cewa Kirista ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Sarkin da ke zaune a bakin Gulbin Sakkwato, wanda bai taɓa shiga majami'a ba, ya fi Kiristan da ke gabansa sanin inda gardamar take.

To, mece ce aƙidar? Manyan ɗarikun Kirista, Katolika da Otodoks da Anglikan da Baftis da ECWA da sauransu, sun ce Allah ɗaya ne, zatinsa ɗaya, ba ya rabuwa. Sun kuma ce wannan Allah ɗaya tun fil'azal Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kowanne daga cikin ukun cikakken Allah ne a wurinsu, amma Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba shi ne Ruhu ba. Larabawa Kirista suna kiran kowane ɗaya uƙnumi, jam'insa aƙanim. Kiristan Hausa yakan ce Triniti, ko Allah Uku Cikin Ɗaya. Malamin zaure kuma ya ce taslisi.

Abubuwa biyu ne aka fi jingina wa aƙidar a hirar bakin titi alhali ikilisiya ba ta faɗe su ba. Na farko, cewa ukun su ne Allah da Maryam da Isa. Babu Maryam a ciki, ko a wurin Katolika da suka fi kowa girmama ta. Na biyu, cewa kiran Yesu Ɗan Allah yana nufin aure da haihuwa irin ta jiki. Limamin coci zai ce wannan saɓo ne a wurinsa shi ma. Abin da yake nufi dangantaka ce marar farko, irin ta mai magana da kalmarsa. Wannan bayani ba ya kawar da saɓanin. Musulmi ya tsaya a kan Suratul Ikhlasi, da aya ta 171 ta Suratun Nisa'i, da ta 73 ta Ma'ida, waɗanda suka kore haihuwa da ukuntaka ga Allah ta kowace fuska, kuma a wurinsa Isa bawan Allah ne, manzonsa. Amfanin bayanin shi ne ya nuna ainihin wurin da hanyoyin suka rabu, domin mutane da yawa suna faɗa ne a wani wuri dabam.

Kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma malaman Kirista ba sa musun haka. Abin da ya faru shi ne mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne, sun gaji tsantsar kaɗaita Allah daga Attaura, amma sai ga su suna addu'a da sunan Yesu, suna yin baftisma da sunaye uku kamar yadda ƙarshen Bisharar Matiyu ya umarta. Yadda za a riƙe biyun tare shi ya cinye musu kusan shekara 300.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne babban kaso na wannan aiki 'yan Afirka ne suka yi shi. Tartuliyan, wanda ya fara amfani da kalmar a harshen Latin a farkon ƙarni na 3, mutumin Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Ariyus, limamin da ya tada ƙura wajen shekarar 318 da cewa Ɗa halitta ne, akwai lokacin da babu shi, asalinsa ɗan Libiya ne, yana wa'azi a Iskandariyya. Babban abokin hamayyarsa, Atanasiyus, shi ma na Iskandariyya ne. Ya riƙe kujerar bishop daga 328 zuwa 373, aka kore shi gudun hijira sau biyar, bai janye ba. Da rigimar ta nemi raba daular Rum, Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop fiye da 200 a Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya yanzu, a shekarar 325. Taron ya yanke cewa Ɗa zatinsa ɗaya da Uba. Taron Kustantiniyya na 381 ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki, kuma shaidar bangaskiyar da ta fito daga nan ita ake karantawa ranar Lahadi a cocin Katolika da na Anglikan har yau. Ogustin, wanda ya rubuta littafi mafi tasiri a kan batun a Yammacin duniya, bishop ne na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya. Kafin aƙidar ta zama kayan Turawan mishan, ta daɗe tana yawo a arewacin wannan hamada da ayarin Sakkwato ke ketawa.

Bayan Nikiya gardama ta koma kan Almasihu kansa. Taron Afisa na 431 ya tsige Nasɗur, bishop na Kustantiniyya. Taron Kalsidon na 451 ya sake raba wasu, ciki har da Kibɗawan Masar da Habashawa. Da Musulunci ya zo, waɗannan rassa ya tarar, kuma ya zauna da su maƙwabtaka. Wajen shekarar 781 Halifa Mahdi ya yi kwana biyu yana muhawara a Bagadaza da Timoti na Ɗaya, shugaban ikilisiyar Gabas, a kan Triniti da annabci, aka tashi lafiya, Timoti ya koma gida ya rubuta yadda aka yi. Daga cikin wannan ikilisiya aka sami Hunainu ɗan Is'haƙa da ɗansa Is'haƙa, masu juya littattafan Girka zuwa Larabci. Malaman Musulmi kuma suka duƙufa: Shaharastani a Al-Milal wan-Nihal ya kasa Kirista uku, Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya, ya faɗi abin da kowace ta ce, Ƙarafi, Bamaliken Masar, ya rubuta raddi cikakke. Ta irin wannan hanya, ta littafi a bayan raƙumi, labarin Triniti ya fara shigowa ƙasar Hausa.

Akwai ma wanda ya fi kusa da gida. Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, shi ne limamin tauhidi a makarantun zaure na Afirka ta Yamma. Ummul Barahin tasa ce ɗalibai ke haddacewa. A cikin Muƙaddimat ya lissafa nau'o'in shirka shida, ya kira wanda ya jingina wa Nasara shirkar tab'idi, wato harhaɗa Allah daga ɓangarori. Abin sha'awa a nan shi ne ikilisiya ma ta haramta wannan fahimta. Mai bishara a ƙauye zai iya ɗauko misalin murhu, duwatsu uku tukunya ɗaya, jama'a su gyaɗa kai. Malaminsa na makarantar tauhidi zai tsayar da shi, domin kowane dutse sulusin murhu ne, aƙidar kuwa ta ce babu sulusi a zatin Allah. Sanusi zai amsa cewa in dai an ce uku, to an rarraba, ko an yarda ko ba a yarda ba. Limamin coci zai ce bambancin na dangantaka ne, ba na zati ba. Nan gardamar masana take, kuma nan ta tsaya ƙarni da ƙarni.

Clapperton ya dawo Sakkwato a 1826, wannan karo ta Badagiri, da kyautar littattafan Larabci, har da lissafin Uƙlidis da sassan Littafi Mai Tsarki. Ya tarar ana yaƙi da Borno, zuciyar fada ta sauya, aka hana shi wucewa. Ya mutu ranar 13 ga Afrilu 1827, baransa Richard Lander ya karanta masa addu'ar jana'iza irin ta cocin Ingila a wani ƙauye bayan gari. Heinrich Barth ya zo a 1853 zamanin Aliyu Babba, ya wuce. Matafiya ke nan, ba masu wa'azi ba.

Masu wa'azin sun daɗe ba su ga Sakkwato ba. Bishop Samuel Ajayi Crowther ya amsa tambaya a kan ɗiyancin Almasihu a fadar Ilori a 1872, inda ya zaɓi ya karanta nassi maimakon ya yi jayayya, amma Ilori ƙarshen daula ce. Ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su fita. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Gwamna Lugga ya yi wa manyan gari alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma jami'an mulkin mallaka suka fassara alkawarin da hana mishan shiga ƙasashen sarakuna. Bayan tawayen Satiru a 1906 suka ƙara ɗaure ƙofar. Abin dariya ne ga mai bin tarihi: gwamnatin Nasara ce ta yi shekara 30 tana tsare Sakkwato daga wa'azin Nasara.

A wannan tsakanin aikin ya gudana a wani wuri. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda fifita Annabi Isa da ya yi a karatunsa. Daga Alƙur'ani suka san Isa, ba daga Nikiya ba, sai a hannun Miller wasunsu suka karɓi baftisma. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu fassarar sun riƙe Allah da Ubangiji da Almasihu da Ruhu, kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani daga makarantar allo. Tun daga nan Musulmi da Kirista a ƙasar Hausa suke faɗin jimla iri ɗaya, Allah ɗaya ne, kowa da abin da ya ƙulla a ƙarƙashinta.

Kuturta ce ta buɗe ƙofar Sakkwato. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati da hukumomin En'e suka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da sansanonin kutare: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a kan hanyar Gusau daga Sakkwato. An gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi, musamman ga yara, amma mutumin da danginsa suka guje shi, ya sami mai wanke masa gyambo kullum, yakan tambayi dalili. Daga irin waɗannan wurare aka sami wasu daga Kiristocin farko 'yan ƙasa, kuma cocinsu ya shiga ECWA da aka kafa a 1954. Katolika sun zo ta wata hanya. Layin dogo ya tsaya a Ƙaurar Namoda bai kai Sakkwato ba, don haka ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka fi taruwa a Gusau. A 1953 Fadar Paparoma ta ware yankin Sakkwato ta damƙa shi ga limaman Dominikan daga Amurka, ya zama cikakkiyar dayosis a 1964 da Edward Lawton a matsayin bishop na farko. Michael Dempsey ya gaje shi, sai Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah daga 2011.

Mutum biyu daga wannan tarihi sun yi abin da Clapperton ya kasa. Fada Joseph Kenny, Badominike da ya zo Nijeriya a 1964, ya yi digirinsa na uku a Edinbara a kan tauhidin Sanusi, wato ya je ya karanta mai raddin aƙidarsa daga tushe. Josiah Idowu-Fearon, bishop na farko na Anglikan a Sakkwato daga 1990, shi ma karatun Musulunci ya yi, har wasu 'yan cocinsa suka riƙa yi masa kallon wanda ya cika sassauci. Daga baya ya zama babban sakataren Anglikan na duniya.

Wamakko ita ce inda duk wannan ya sauka ƙasa. Garin kansa tsohon mazaunin manoma ne da masunta a bakin gulbi, yamma da birni, ƙasar albasa da shinkafar fadama. Amma birnin Sakkwato ya faɗaɗa ya shige cikin ƙaramar hukumar, har manyan cibiyoyin da suka jawo baƙi suka faɗo a cikinta. Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967. Jami'ar da aka kafa a 1975, wadda ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, mazauninta na dindindin yana wajen Dundaye. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ma a nan take. Injiniya daga Inugu, malamar jinya daga kudancin Kaduna, ɗalibi daga Zuru ko Yawuri, ɗan bautar ƙasa daga Binuwai, duk suka zo da addininsu. Ba mishan ne ya kawo Triniti unguwannin Arkilla da Bado ba. Takardar ɗaukar aiki ce da ta shiga jami'a. Wasunsu ma ba daga nesa suke ba. Mutanen Zuru 'yan tsohuwar Jihar Sakkwato ne, da Hausa suke waƙa a coci.

Sai ya zama tambayar da a da sarki ke yi wa baƙo a fada yanzu ɗalibi ke yi wa abokin ɗakinsa bayan an ɗauke wuta. Kayan gardamar ma sun sauya. A shekarun 1980 kaset-kaset na Ahmed Deedat, mai wa'azin Afirka ta Kudu, suka cika arewa, musamman muhawararsa da Jimmy Swaggart ta 1986, kuma salonsa na jefa aya a kan aya ya zama abin koyi ga matasa. Ɓangaren Kirista ma suka sami nasu littattafan mayar da martani. Shaidun Jehobah, waɗanda suka ƙi Triniti kamar Ariyus, suna raba Hasumiyar Tsaro da Hausa, abin da kan rikita Musulmin da ya ɗauka duk mai riƙe da Baibul ra'ayinsa ɗaya. Yau abin ya koma gajerun bidiyo a WhatsApp da TikTok. Wannan salo yana koya wa yaro yadda zai ƙure abokinsa cikin minti biyu. Ba ya koya masa ya faɗi aƙidar abokin yadda abokin zai ce e, haka nake nufi. Shaharastani ya iya wannan, shi ya sa har yau masana Kirista ke karanta shi.

Kusanci ba tare da wannan ilimi ba yana da tsada. Ranar 12 ga Mayu 2022 wasu gungun matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista a harabar Kwalejin Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW) a wani saƙon murya. Ba batun Triniti ba ne, amma a ƙasar Wamakko ya faru, tsakanin 'yan aji ɗaya. Majalisar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, Bishop Kukah ma haka, ya kuma roƙi Kirista su kwantar da hankali. Bayan kwana biyu zanga-zanga ta taɓa wasu coci-coci a cikin gari, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita.

A sama akwai hanyoyin magana. Majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta ƙasa, NIREC, tun 1999 Sarkin Musulmi ne ke shugabantarta tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN, kuma Sarkin da Kukah suna zama a kwamitin zaman lafiya na ƙasa da ke sa 'yan takara su sa hannu kan yarjejeniya kafin zaɓe tun 2015. Sai dai waɗannan zaurukan zaman lafiya suke tattaunawa, ba tauhidi ba. Kowa yana kaffa-kaffa da shi.

Ikilisiyar kuwa ta ci gaba da zama 'yar gida. A watan Oktoba na 2023 aka yanke Katsina daga dayosis ɗin Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop ɗinta na farko. Shi ne Bahaushe na farko da ya kai wannan muƙami a cocin Katolika, shekara 91 bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa.